Osborne Reynolds: malamin da ya gano lissafin rikicewar ruwa

Jama'a, duk wanda anka taɓa yi ma allurar fenisilin, ko mai ciwon sukari da ke amfani da insulin, to ya ci moriyar aikin wani Bature, Osborne Reynolds, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haife shi ran 23 ga watan Agusta 1842 a birnin Belfast, ya tashi a ƙauyen Dedham na ƙasar Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne kuma shugaban makaranta, mai sha'awar ƙera kayan noma. Yaro ya gado shi. Kafin ya shiga jami'a sai da ya koyi aiki wajen wani maƙerin injuna. Ya ƙare karatun lissafi a Kambirij a 1867, da shekara ta zagayo anka naɗa shi farfesan aikin injiniya a kwalejin Owens da ke Manchesta, yana ɗan shekara 25.

A 1883 ya fitar da gwajin da ya sa duniya ta san shi. Ya tura ruwa cikin dogon bututun gilashi, ya sako launi siriri a tsakiya. In ruwan na tafiya a hankali, launin sai ya miƙe kamar zare. Da an ƙara gudu, sai zaren ya tsinke, launin ya gauraye ko'ina. Ya gano cewa saurin ruwan, faɗin bututun, nauyin ruwan da kaurinsa ne ke yanke wannan hukunci, ya haɗa su cikin lamba guda, wadda yanzu ake kira lambar Reynolds. Mai dama kunu ta san zancen: in kunu ya yi kauri, wurin da ludayi ya taɓa kaɗai ke motsi, gefen ƙwarya na nan zaune.

To, ina ruwan magani da wannan? Tun yaƙin duniya na biyu ake yin fenisilin cikin manyan tankunan ƙarfe, masu cin lita dubbai, da farfela a ciki tana juyawa. Ƙananan halittu ne ke yin maganin, kuma suna bukatar iska da sukari a kowane lungu na tankin. In damu bai kai wani wuri ba, na can su shaƙe, aiki ya lalace. In kuma ya yi ƙarfi ainun, masu rauni su fashe.

Shi ya sa kafin a ƙera tanki, injiniyoyi kan gwada shi cikin kwamfuta. Amma bin kowane ɗan juyi na ruwa a tanki irin wannan ya fi ƙarfin na'ura. Nan ma Reynolds ne ya buɗe hanya: a 1895 ya nuna yadda za a raba motsin ruwa biyu, tafiyarsa ta bai ɗaya da ƴan kaɗe-kaɗen da ke kanta. Da wannan dabara akasarin gwaje-gwajen ke aiki har yau, su nuna inda ruwa ke kwanciya da inda ya kamata farfela ta zauna.

Rashin lafiya ya sa shi ajiye aiki a 1905. Ya mutu ran 21 ga Fabrairu 1912 a garin Watchet, shekara 16 kafin a gano fenisilin.