Soren Sorensen, ɗan manomin Danmak da ya ƙirƙiro ma'aunin pH

Duk wanda ya taɓa karanta bayan kwalbar ruwan sha ko kwalin sabulu ya ga haruffan nan biyu, pH, da lamba a gefensu. Ɗaliban lise a Maraɗi da Damagaram suna haddace su don jarrabawa. Sai dai kaɗan ne suka san mutumin da ya kawo su, wanda ya rasu tun 1939.

An haifi Soren Peder Lauritz Sorensen ranar 9 ga watan Janairun 1868 a ƙauyen Havrebjerg na ƙasar Danmak. Mahaifinsa manomi ne. Yana ɗan shekara 18 ya shiga Jami'ar Kofenhagen da niyyar zama likita, amma wani malamin kimiyyar sinadarai, S. M. Jorgensen, ya ja hankalinsa zuwa wannan fanni. Ya yi digirin dakta a 1899.

A 1901 aka ba shi shugabancin sashen sinadarai na ɗakin binciken Carlsberg, inda ya gaji Johan Kjeldahl da ya rasu a 1900. Wannan ɗakin bincike, mai kamfanin giya na Carlsberg, J. C. Jacobsen, shi ya kafa shi a 1875, da sharaɗin duk abin da aka gano a bayyana shi ga duniya, kada a ɓoye. Sorensen ya riƙe wannan kujera shekara 37.

Matsalar da ta dame shi

Sorensen ya fara da binciken sinadaran amino asid, waɗanda su ne tubalin ginin furotin, daga nan ya koma kan enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta narkewar abinci a ciki da kumburin ƙulli. Ya lura cewa enzayim ɗaya yakan yi aiki da sauri yau, gobe kuma ya yi sanyi, alhali adadin asid ɗin da aka zuba bai canza ba. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa abin lura shi ne yawan ƙwayoyin haidirojin masu caji da suka rage suna yawo cikin ruwan, domin furotin da gishiri iri-iri sukan kama wani kaso nasu.

Auna waɗannan ƙwayoyi yana ba da lambobi masu wuyar rubutu. A tsabtataccen ruwa, alal misali, adadin yakan zama 0,0000001. Sorensen ya ga ba sai an jera sifiri ba, a ƙirga gurabun da ke bayan waƙafi kawai a rubuta 7. Haka ya bayyana a rubutun da ya wallafa a 1909, tare da hanyoyi biyu na awo: ta na'urar lantarki, da ta sinadaran da ke sauya launi. Ya kuma haɗa jerin ruwaye masu tsayayyen tsami da za a riƙa gwadawa da su, kuma har yau akwai wanda ake kira da sunansa a ɗakunan bincike.

Ma'aunin da aka saba amfani da shi yana tafiya daga 0 zuwa 14. Abin da ke ƙasa da 7 mai tsami ne, kamar lemon tsami da tsamiya. Abin da ke sama da 7 ɗan gidan kanwa da toka ne. Tazarar lamba ɗaya na nufin ninki goma: ruwa mai pH 4 ya fi mai pH 5 tsami sau goma, ya fi mai pH 6 sau ɗari. Lemon tsami yana wajen 2, jinin mutum kuwa wajen 7,4. Uwar gidan da ke jefa ɗan guntun kanwa a tukunyar wake don ya nuna da wuri, pH ɗin tukunyar take ɗagawa.

Sorensen ya ci gaba da aiki kan furotin tare da matarsa ta biyu, Margrethe Hoyrup Sorensen, musamman furotin ɗin farin ƙwai. Masana daga ƙasashe da dama sun je koyon aiki a wurinsa. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, amma bai taɓa samunta ba. Da farko masu binciken halittu ne suka rungumi ma'aunin nasa. Ya yaɗu sosai a masana'antu bayan 1934, lokacin da Arnold Beckman na Amurka ya ƙera na'urar awo mai sauƙin ɗauka domin auna tsamin ruwan lemo a Kalifoniya. Sorensen ya ajiye aiki a 1938, ɗalibinsa Kaj Linderstrom-Lang ya gaje shi. Ya rasu ranar 12 ga watan Fabrairun 1939 yana da shekara 71.

Abin da aka gina a kan aikinsa

Da aka iya auna tsami daidai, sai masana suka fara ƙera kwanson da ba ya buɗewa sai ya isa wurin da pH ɗinsa ya kai wata lamba. Masu haɗa magunguna ne suka fi shahara da wannan: ƙwayar da aka lulluɓe takan wuce ciki mai tsananin tsami ba ta narke ba, sai ta isa hanji. Amma dabarar ta daɗe da fita daga kantin magani.

A kiwon shanu, matsalar juye take. Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Tumbi, ɗaki na farko, pH ɗinsa wajen 6 ne, kuma cike yake da ƙananan halittu masu cinye sinadarin methionine kafin jikin saniya ya amfana da shi, alhali tana buƙatarsa don yin madara. Kamfanin Adisseo na Faransa yana sayar da shi da sunan Smartamine M, cikin ƙananan ƙwayoyi masu lulluɓin da ke jure zaman tumbi. Sai sun isa ɗaki na huɗu, inda pH ya sauka wajen 2 zuwa 3, lulluɓin yake buɗewa. Methionine ɗaya ne daga dangin amino asid ɗin da Sorensen ya fara aikinsa na Carlsberg da bincike a kansu.

A fannin ƙarfe, hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta yi bincike a cibiyarta ta Kennedy da ke bakin teku, inda iska mai gishiri ke cin kayan aiki. Wurin da tsatsa ta fara kama ƙarfe, pH yakan sauya. Masu binciken suka zuba ƙananan kwansuna cikin fenti waɗanda ke fashewa idan pH ya hau, su saki maganin tsatsa a daidai wurin, ko launin da zai nuna wa ma'aikata inda ɓarnar ta fara.

A noma kuwa, halitta ce ta riga mutum. Maganin ƙwarin da ake samu daga ƙwayar Bacillus thuringiensis yana zuwa ne a matsayin ƙanƙarar furotin da ke narkewa a hanjin tsutsa, inda pH ya haura 9. Masu bincike suna kwaikwayon wannan wajen ƙera maganin ƙwari da takin da ba sa zuba gaba ɗaya lokaci guda, don rage abin da ruwan sama ke wankewa.

Wannan batu ya shafi manomin gero a kudancin Nijar kai tsaye, domin yawancin ƙasar jigawa tana da tsami, sau da yawa ƙasa da pH 6, kuma a irin wannan ƙasa sinadarin fosfat yakan maƙale, saiwa ta kasa shan sa yadda ya kamata. Shi ya sa masana aikin gona ke ba da shawarar a auna ƙasa kafin a zuba kuɗi a buhun taki. Lambar da za ta fito a takardar awon, ita ce wadda ɗan manomin Havrebjerg ya tsara a 1909.