Wilhelm Albert: Mutumin da Ya Sa Ƙarfe Ya Riƙa Gargaɗi

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa ganin ƙugiya tana ɗaga kaya a wurin gini a Samaru, ko bakanike a Sabon Gari yana canja wayar kulocin babur, to ya ga aikin Wilhelm Albert, ko da bai san sunansa ba.

An haifi Albert a Hanoba ta ƙasar Jamus a 1787. Shari'a ya karanta a jami'ar Göttingen, ba injiniyanci ba, amma aiki ya kai shi ramukan haƙar azurfa da dalma na Clausthal, a duwatsun Harz. Lokacin da igiyar rama ko sarƙa ake jawo kaya daga ƙarƙashin ƙasa. Igiyar rama laima ke ruɓar da ita. Ita kuwa sarƙa ba ta sallama: zobe ɗaya ya tsage, shi ke nan, kaya sun koma rami a kan ma'aikata.

A 1829 ya lura cewa sarƙa na karyewa ko nauyin bai fi ƙarfinta ba. Sai ya ƙera injin da ke ɗora mata nauyi yana saukewa, sau dubbai, har ya tabbatar ƙarfe ma yana gajiya. A 1834 ya murɗa wayoyi goma sha biyu, tufka uku, kowace da waya huɗu, aka gwada a ramin Caroline. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, kowa ya kwaikwaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne, igiyarsa ba ta tsinkewa lokaci guda. Waya ɗaya ta karye, sauran su riƙe, mai dubawa ya gani ya canja ta kafin a yi asarar rai.

To wayoyin ciki fa, da ido ba ya kaiwa? Yanzu akan zura igiyar cikin na'ura mai maganaɗisu. Inda waya ta tsage ko tsatsa ta ci, ƙarfin maganaɗisun yakan ɓullo waje, na'urar ta nuna wurin, ba tare da an yanka igiyar ba.

Albert ya rasu a Clausthal a 1846. Mu da za mu riƙa sa hannu a takardar duba injuna gobe, wallahi waya ɗaya da ta tsinke ta isa a tsayar da aiki a duba.