Wallace Sabine: Malamin Da Ya Auna Amsa-kuwwa Da Katifun Kujeru

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga sito ranar da aka kwashe kaya ya san yadda murya ke kai da komo a ciki, alhali ranar da buhuna suka cika shi magana tana fita tas. Yau za mu kawo tarihin mutumin da ya fara auna wannan abu da lissafi, domin iliminsa zai iya hana mu asarar kuɗi wajen sayen lasifika.

An haifi Wallace Clement Sabine ranar 13 ga Yuni, 1868 a garin Richwood na Jihar Ohio a Amurka. Ya gama Jami'ar Jihar Ohio a 1886 yana ɗan shekara 18, daga nan ya wuce Jami'ar Harvard, inda ya ƙaro karatu har ya zama malamin kimiyya.

A 1895 jami'ar ta buɗe sabon ɗakin lacca a gidan kayan tarihi na Fogg, sai aka tarar ba ya amfanuwa. Idan malami ya furta kalma, sai ta yi ta yawo a ɗakin sama da sakan 5, kafin ta mutu wasu sun hau kanta, ɗalibai ba sa gane komai. Shugaban jami'ar, Charles Eliot, ya ɗora wa Sabine aikin gyara, a lokacin yana ɗan shekara 27, kuma babu wani littafi da zai duba ya ga yadda ake yi.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: bututun busa irin na kayan kiɗan coci, da agogon ƙirga sakan, da kunnensa. Yakan jira sai dare ya raba gari ya yi tsit, shi da mataimakansa su kwaso katifun kujeru daga zauren Sanders da ke kusa, su shimfiɗa a ɗakin laccar. Sai ya busa bututun, ya tsayar, ya ƙirga sakan nawa ƙarar ta yi kafin ta ɓace. Su ƙara katifu, ya sake aunawa. Kafin gari ya waye sun mayar da katifun inda suka ɗauko. Haka ya yi ta yi kusan shekara uku. Saboda tsananin kula, ya taɓa watsar da awo fiye da 3,000 da ya gano cewa tufafin da ke jikin mai awon ma suna canza sakamako, daga nan ya riƙa sa kaya iri ɗaya kullum.

A 1898 ya kai ga ƙa'idar da har yau magina ke aiki da ita: gwargwadon girman ɗaki, gwargwadon daɗewar ƙara a ciki, gwargwadon yawan abubuwa masu laushi, gwargwadon saurin mutuwarta. Bango mai tauri yana mayar da ƙara, katifa da labule da jikin mutum suna shanye ta, taga a buɗe kuwa ba ta mayar da komai. Da aka manna bargon ulu mai kauri a bangon ɗakin Fogg, sai aka soma jin lacca.

Wannan ya sa attajirin nan Henry Higginson ya nemi shawararsa wajen gina babban zauren kiɗa na birnin Boston, wanda aka buɗe ranar 15 ga Oktoba, 1900. Shi ne zaure na farko da aka lissafa sautinsa tun kafin a aza tubali, kuma har yau ana sa shi cikin mafiya kyau a duniya. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Sabine ya tafi Faransa a 1916, daga baya ya yi wa ƙasarsa aiki kan jiragen sama. Ciwon ƙoda ya kama shi, ya rasu ranar 10 ga Janairu, 1919 yana da shekara 50. Ma'aunin shanye ƙara da ake kira sabin sunansa ne aka ba shi.

To, ina ruwan mai shago a babbar kasuwar Maraɗi, ko mai sayar da kayan miya daga Jiratawa, da wannan labari? Sau da yawa mukan ga mutum ya zuba kuɗi ya sayi manyan lasifika, ya kai falo mai daɓen siminti da rufin kwano, sai ya ji rugugi kawai, ya koma yana rigima da mai kaya. Alhali laifin na ɗakin ne. Ƙara murya ba ya magani, domin amsa-kuwwar ma ƙaruwa take yi. Iyayenmu mata sun san bambancin ɗakin amarya kafin jere da bayan an sa gado da katifa da labule.

Ga gwaji mai sauƙi: a tsaya tsakiyar ɗaki a tafa hannu sau ɗaya. In ƙarar ta ja wutsiya, a shimfiɗa darduma a ƙasa, a rataya labule mai kauri a bangon da ke fuskantar lasifikan. Kada a cusa lasifika a lungu, nan ne rugugi ke taruwa, a ɗan janye su daga bango. A ɗaga su daidai kunnen mai zaune, su fuskance shi, kuma nisan da ke tsakanin su biyu ya yi daidai da nisan kowacce zuwa wurin zama. Haka abin yake ga zauren taro ko makarantar dare, a Tibiri ne ko a cikin gari.

Kafin a sake kai kuɗi wajen mai lasifika, a fara leƙawa wajen mai darduma. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.