Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Daga Jakin Fatake Zuwa Gingimari

 A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi tarihin mutumin da ya fi kowane ɗan Bebeji suna a duniya, wato marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata. Dalilinmu kuwa shi ne, 'yan'uwanmu da dama mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, musamman waɗanda suka ajiye aiki, sun karkata ga sayen tsofaffin manyan motoci da kuɗin sallamarsu, wani tirela, wani tifa, wani gingimari mai bodin katako. Wasu sun dace. Wasu kuwa motar tana can an ɗora ta bisa duwatsu a bakin gareji, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, maigida kuma ya koma cin bashin kuɗin makarantar yara. Rayuwar Ɗantata tun daga ƙuruciya har rasuwa rayuwa ce ta kai kaya daga inda suke da araha zuwa inda suke da daraja, saboda haka akwai abin da za ta koya wa duk mai niyyar zuba dukiyarsa a harkar dako.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a nan Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda aka san su da fataucin goro tun kaka da kakanni. Kakansa Baba Talatin ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi, daga baya mahaifinsa Abdullahi ya dawo Bebeji, domin garin namu yana kan hanyar ayarin da ke zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu, wajen 1885. Mahaifiyarsa ta yi ƙaura zuwa Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata dattijuwar baiwa mai suna Tata. Ita ce ta raine shi, daga sunanta kuma aka samo laƙabin Ɗantata da duniya ta san shi da shi. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana kuma 'yan ƙananan sana'o'i don ya ciyar da kansa, domin abin da ya samu na gado bai taka kara ya karya ba. Tun a lokacin aka san shi da tattali da tara 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka ya bi ayarin Gwanja, ya isa har Ankara wurin mahaifiyarsa. Bayan dawowarsa sai yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa suna ɓangaren Tukur, aka ci Bebeji da yaƙi, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su. Wanda daga baya ya zama attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma ya ɗanɗani maraici da talauci da bauta kafin ya cika shekara ashirin.

Makarantar ayari

Ya kamata matasanmu su san irin makarantar da ayarin Gwanja yake. Tafiya ce ta watanni, a ƙafa, da jakuna da 'yan alaro, ƙarƙashin jagorancin madugu. Ana tafiya da kanwa da tufafin rini da kayan fata, a dawo da goro. Shi kuwa goro kaya ne mai rai: sai an naɗe shi da ganye, ana buɗe huhu ana tsince wanda ya ɓaci, ana yayyafa ruwa. Kowace rana da aka ƙara a hanya asara ce. Jakin da ya gurgunce a daji ya jawo wa mai shi hasara biyu, ta jakin da ta kayan. Shi ya sa bafatake ba ya sayen jaki don kyan gashinsa. Yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora don sanin shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya ko akwai tsohon miki, ya kora shi ya ga tafiyarsa. A wannan makaranta Ɗantata ya koyi cewa ribar fatauci ba a wurin saye da sayarwa kaɗai take ba, rabinta yana kan abin da ya ɗauko kayan da kwanakin da ya yi a hanya.

Goro a jirgin ruwa

A ƙarshen ƙarni na 19 hanyoyin goro suka sauya. Yaƙin da aka yi a Salaga a 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar Gwanja, Turawan Ingila suka mamaye ƙasar Asante, kuma a 1903 layin dogo ya haɗa Kumasi da gaɓar teku a Sakandi. Goro ya fara gangarawa bakin ruwa. Fatake da yawa sun ci gaba da bin tsohuwar hanya saboda ita suka gada. Ɗantata kuwa, wajen 1906, ya fara loda goronsa a jirgin ruwa daga Sakandi da Ankara zuwa Legas, daga nan a yo Arewa da shi. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Bai mallaki jirgin ba, kuɗin dako kawai yake biya, amma tafiyar da ake yi sau ɗaya a shekara ta zama ana yin ta sau da yawa, goron kuma yana isowa da sauran ɗanyensa. Da wannan jarinsa ya bunƙasa.

Jirgin ƙasa da gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli a bakin tasha, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba amana ba. Tsofaffin fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Ɗantata su ne suke da yara a ko'ina. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya raba wa yaransa jari, suka bazu cikin karkara, jakuna da raƙuma suna kawo buhuna bakin jirgi. Kafin tsakiyar shekarun 1920 ya wuce duk attajiran Kano, ya kuma zama babban mai kawo wa kamfanin UAC gyaɗa bayan kafa shi a 1929. A wannan shekarar ce bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Ya sauke farali ta jirgin ruwa a shekarun 1920, ya kuma taimaka wa mutane da yawa suka je Makka. Duk da wannan dukiya, an san shi da sauƙin rayuwa, da cin abinci tare da yaransa, da bin lissafin kowane kwabo.

Dalar gyaɗa da zuwan mota

Dalar gyaɗa da ake danganta ta da sunansa, wadda kowace ɗaya takan ɗauki buhu kamar 15,000, mun taso muna alfahari da hotonta. Sai dai masu lura sun san cewa dalar alama ce ta arziki, kuma alama ce ta ƙarancin abin dako. Layin dogo ɗaya ne tak daga Kano zuwa Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,100, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu taragai da kawunan jirgi sun yi ƙaranci, har gyaɗar wata shekara takan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Wannan giɓi shi ya buɗe wa babbar mota ƙofa. Bayan yaƙin an yi gwanjon motocin soja, 'yan kasuwa suka saya suka yi musu bodin katako, suka fara ɗebo gyaɗa daga garuruwan da jirgi ba ya zuwa, daga baya har suka riƙa kai ta kudu.

A gidan Ɗantata, ɗansa Alhaji Sanusi ne ya fi rungumar harkar motoci, bayan ya fara da fataucin shanu da sayen gyaɗa. Shi ma bai sha ta da sauƙi ba, domin a ƙarshen shekarun 1940 sai da ya sayar da yawancin abin da yake da shi a wannan fanni, bai farfaɗo da shi sosai ba sai bayan rasuwar mahaifinsa. A shekarun 1960 ya zama babban mai lasisin sayen gyaɗa a Nijeriya, motocinsa suna ɗaukar kayan da shi da kansa ya saya. Idan ɗan Ɗantata ya taɓa tuntuɓe a kan mota, to ɗan fansho ya kamata ya taka a hankali.

Rasuwarsa da zuriyarsa

Alhaji Alhassan ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Kafin rasuwarsa ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da haɗin kai da riƙe kamfanin gidan. Alhaji Sanusi ya rasu a 1997, Alhaji Aminu kuma a 2025. Alhaji Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa, kuma dubban tirelolin da ke ɗauke da sunansa simintin masana'antarsa suke ɗauka. Tsarin bai sauya ba tun daga mahaifin kakansa: kayan suna hannu kafin a nemi abin ɗaukarsu.

Abin da ya shafe mu

Wannan shi ne abu na farko da muke roƙon 'yan'uwa su ɗauka. Ɗantata bai taɓa neman abin dako sannan ya tafi neman kaya ba. Goro ne ya kai shi jirgin ruwa, gyaɗa ta kai shi bakin tasha. Wanda zai sayi tifa ya fara sanin wa zai ba shi aikin yashi ko dutse, na wata nawa, kuma yaushe ake biya. Wanda zai sayi tirela ya san abin da za ta ɗauka zuwa, da abin da za ta ɗauko dawowa, domin motar da ta dawo wayam ta cinye ribar zuwanta a man dizal. Idan kayan ba su kai a sayi mota ba, a yi haya kamar yadda ya biya kuɗin jirgi, babu abin kunya a ciki.

Na biyu, a duba mota kamar yadda bafatake yake duba jaki. Sabon fenti shi ne kyan gashi. A tafi da bakanike na amana, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, a je da sassafe kafin a ɗumama inji. A shiga ƙarƙashi a bi ƙarfen casis daga gaba zuwa baya, domin casis da ya tsage aka yi masa walda shi ne tsohon mikin gadon baya, kaya masu nauyi za su tayar da shi. A lura da hayaƙin salansa: shuɗi yana nuna injin yana shan baƙin mai, fari mai yawa da ba ya ɗaukewa yana iya nuna ruwa yana shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma matsalar mai ce ko ta iska. A buɗe lagireto a ga ko mai ya gauraya da ruwa. A gwada giya da birki da kaya a kai, a kan hawa, ba a fili wayam ba. A ƙirga tayoyin da za a sauya a cire kuɗinsu daga farashi. Lambar inji da ta casis su dace da abin da ke cikin takardu, takardar kwastan kuma a tabbatar da ingancinta kafin kuɗi su bar hannu.

Na uku, darajar tsohuwar mota tana ga samun kayan gyaranta. Abin da ya sa Mercedes 911 da tsofaffin DAF da Mack suka daɗe a hanyoyinmu shi ne bakanike na kowane gari ya san cikinsu, kayansu kuma ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Motar da sai an aika ƙasar waje kafin a samo mata ƙaramin ƙarfe, ko da kyauta aka ba mutum ta yi tsada. Kada kuma a zuba duk jari a kan saye. A ware kuɗin gyaran farko da na watannin da za ta yi tana tsaye.

Na huɗu shi ne mutum. Dukiyar Ɗantata a hannun yaransa take yawo cikin ƙauyuka, ya san su, ya san iyayensu, yana kyautata musu, yana kuma bin lissafi. Mai mota da ke zaune a Abuja, direbansa yana tsakanin Legas da Maiduguri, ba shi da abin da ya fi wannan. A zaɓi direba da yaron mota da aka san asalinsu, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, a rubuta kowace tafiya a littafi. Muna da matasa a gida masu lasisi da ƙwarewa da suke zaune babu aiki, kuma shugabannin ƙungiya za su iya haɗa mai mota da wanda dattawan unguwarsu suka tsaya masa.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da Tata da ta raine shi, ya gafarta wa iyayenmu da suka riga mu, ya sa albarka a cikin abin da 'yan'uwa suka tara da guminsu, ya kuma tsare matafiyanmu a kan hanya. Amin.