Bandaranaike: Firaministan da ya raba Sirilanka da dokar harshe

An haifi Solomon West Ridgeway Dias Bandaranaike ranar 8 ga Janairun 1899 a Kolambo, babban birnin tsibirin Silon mai arzikin ganyen shayi, wanda tun 1972 ake kira Sirilanka. Ɗan masu hannu da shuni ne. Mahaifinsa babban hakimi ne na hannun daman Turawan Ingila, har ya raɗa wa ɗan nasa sunan gwamnan lokacin, West Ridgeway. Yaron ya tashi Kirista, bakinsa ya fi faɗawa da Ingilishi, ya kuma yi karatu a jami'ar Okisfod.

Da ya komo gida ya shiga siyasa, sai ya ajiye kwat ya sa tufafin gargajiya, ya koma addinin Budda na ƴan ƙabilarsa Sinhala, waɗanda su ne kusan kashi 70 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Bayan samun ƴancin kai a 1948 ya riƙe minista, amma a 1951 ya ɓalle ya kafa jam'iyyarsa ta SLFP.

Talakan Sinhala na da kukansa na gaskiya: kotu da ofis duk da Ingilishi suke aiki, shi kuwa bai iya ba. Bandaranaike ya yi alkawarin mai da Sinhala harshen gwamnati cikin awa 24, ya lashe zaɓen 1956, majalisa ta zartar da dokar a shekarar. Ba a sa harshen Tamil a ciki ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin kwastan da takardar da ba ya iya karantawa ya san abin da ya sami Tamil, waɗanda da yawansu aikin gwamnati ne abincinsu.

A Yulin 1957 ya ƙulla yarjejeniya da jagoran Tamil, Chelvanayakam, ta ba harshensu gurbi a arewa da gabas. Malaman Budda suka yi zaman dirshan a ƙofar gidansa, a Afrilun 1958 ya soke ta. A nan ne ya gaza, domin ya san daidai amma ya ji tsoron magoya bayansa. A watan Mayu rikici ya ɓarke, aka ƙona kantuna da gidaje, aka kashe fiye da mutum 150, galibinsu Tamil.

Ajalinsa kuwa daga cikin gida ya zo. Ranar 25 ga Satumban 1959 wani malamin Budda, Talduwe Somarama, ya harbe shi a gidansa, washegari ya cika. Kotu ta sami Buddharakkhita, shugaban wurin ibada na Kelaniya, da laifin kitsa kisan. Tsohon mai goya masa baya ne da aka hana kwangilar jigilar kaya ta jiragen ruwa.

Matarsa Sirimavo ta zama mace ta farko firaminista a duniya a 1960. Sai a 1987 aka mai da Tamil harshen gwamnati, lokacin yaƙin basasar da ya soma a 1983 ya riga ya kankama, bai kuma ƙare ba sai 2009.