Sidney Farber: Daga Ɗakin Gwaje-gwaje Zuwa Bakin Gadon Majinyaci

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowar na ɗauko mana tarihin likita Sidney Farber, wanda ake ɗauka a matsayin uban maganin ciwon daji na zamani, wato kemoterafi. Na zaɓe shi ne musamman don abokanmu masu karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje, domin shi ma daga nan ya fito.

An haife shi a 1903 a garin Buffalo na Amurka, na uku cikin 'ya'ya 14. Ya gama karatun likita a Jami'ar Harvard a 1927, ya kama aiki a Asibitin Yara na Boston yana binciken jini da tsoka don gano cuta. A lokacin, yaron da ya kamu da sankarar jini ba ya wuce 'yan watanni. Sai dai a ƙara masa jini, a jira ikon Allah.

Farber ya fara gwada ba yaran folik asid, sinadarin nan da ake ba masu juna biyu. Maimakon sauƙi, sai cutar ta ƙara gudu. To, a nan ne kaifin hankalinsa ya burge ni. Ya yi tunanin cewa in har wannan sinadarin ne ke ciyar da cutar, ke nan abin da zai toshe shi zai iya karya lagonta. Wani masani ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow, ya samar masa da irin wannan magani mai suna aminopterin. A ƙarshen 1947 ya soma amfani da shi, a 1948 kuma ya wallafa sakamako: yara 10 cikin 16 sun samu sauƙi. Na ɗan lokaci ne, cutar ta dawo, amma an tabbatar magani na iya taɓa sankara.

Sai dai fa maganin nan dafi ne. Ba ya bambance ƙwayar cuta da lafiyayya, duk wadda ke saurin hayayyafa kanta yake hawa. Shi ya sa baki ke yin gyambo, gashi ya zube, ɓargo ya rage samar da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Wasu likitoci ma sun ga kamar azabtar da yaran kawai yake yi.

Amsarsa ita ce tsarin cikakkiyar kulawa. Ya haɗa likita da ma'aikatan jinya da masu kula da abinci da masu rarrashin iyaye, duk a kan yaro ɗaya. A ganina wannan bai gaza maganin muhimmanci ba. Likita ya rubuta ya wuce, amma nas ce ke leƙa bakin yaro, ta lura ya daina cin abinci, ta auna zafin jikinsa cikin dare. Har gobe haka aikin yake. Bayan an sha kemo, garkuwar jiki kan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14, kuma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakanin ba na a sha farasitamol a kwanta ba ne, na garzayawa asibiti ne. Mai jinya a cikinmu ya riƙe wannan.

Farber ya kafa gidauniyar binciken sankarar yara, wadda ta zama cibiyar Dana-Farber ta yau. Ya rasu a ofishinsa ranar 30 ga Maris, 1973. Yanzu a ƙasashe masu ingantattun asibitoci, kusan yara 9 cikin 10 masu nau'in sankarar jinin da ya fi yawa suna rayuwa.

Don haka in an miƙo maka kwalbar jini a ɗakin gwaji, ka ƙirga da kyau. Da lissafinka za a yanke ko a ba wani yaro magani yau, ko a dakata.