Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo, Mai Gwandu

Duk wanda ya zauna ƙasar Gwandu ya san sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, balle mutanen Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu ke amsa sunansa. Amma in an tambayi yaran makaranta ko wane ne shi, iyakar abin da yawancinsu za su ce shi ne ƙanen Shehu Usmanu ne, kuma shi ya ja rundunar Tabkin Kwatto. Mu a ganinmu akwai abin da ya fi wannan cancantar a sani, watau matsayinsa a kan dukiyar jama'a: wa za a karɓa daga hannunsa, wa za a ba, kuma me ya kamaci mutum in jama'arsa da ke riƙe da mulki ta kauce hanya.

An haife shi wajen 1766 cikin Toronkawa, Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, sa'an nan aka danƙa shi ga Shehu yana ɗan shekara 13. Daga nan bai rabu da shi ba, ko a Degel ko wajen yawon wa'azi cikin Zamfara da Kabi. Ya kuma ɗauki ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru da waɗansu malamai masu yawa, waɗanda ya jera sunayensu cikin littafinsa Ida'un Nusuki. A fannin nahawu da luggar Larabci, a zamaninsa ba a cika samun na biyunsa ba a ƙasar Hausa.

Darasi na farko a kan dukiya ya gan shi da idonsa a Magami wajen 1788. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa da Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar rabonsa, ya roƙi abu biyar a maimakonsa: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Hikimar a fili take. Malamin da tukunyarsa ta dogara ga kyautar fada ba shi da bakin yi wa fada faɗa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An ce Shehu kansa da tufkar igiya yake neman abin masarufi.

Da aka yi hijira zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, ya zama wazirinsa. Cikin Yuni na wannan shekara ya kori Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Bayan haka jama'a ta sha wuya ƙwarai, ga yunwa ga ciwo, ga kuma asarar da aka yi a Tsuntsuwa. Cikin Afrilu 1805 Abdullahi ya ja runduna ya ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, aka naɗa Usmanu Masa, wanda ya riga ya bi jama'a. Sabo da wannan nasara ne Shehu ya sami damar komawa Gwandu da zama.

To, a nan ne ya fara ganin abin da ya ɓata masa rai. Mutane da yawa sun shigo tafiyar don ganima. Kafin yaƙin Alwasa, a ƙarshen 1805, runduna ta auka wa wani gari da ke cikin amana ta washe shi, Abdullahi da Muhammadu Bello suna hani, ba a ji ba. A Alwasa, kusa da Birnin Kebbi, aka karya jama'a, aka kashe mutane masu yawa, Usmanu Masa kuma ya juya baya. Abdullahi ya ga waɗanda suka tashi don kawar da zalunci sun soma neman sarauta da dawaki da manyan riguna, suna cin dukiyar da ba tasu ba.

Wajen 1807 ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya fasa tafiyar ya komo gida. Wannan wuri ya kamata mu tsaya a kansa. Hanya biyu ce ke gabansa a bayyane, ko ya yi shiru ya ci rabonsa, ko ya koma wajen abokan gaba. Sai ya ɗauki ta uku: ya rubuta ma'aunin da kowa zai iya auna mai mulki da shi, ko da mai mulkin ɗan'uwansa ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da shi da Shehu suka koyar a kan baitulmali a taƙaice shi ne, hanyoyin shigar dukiya a ƙidaye suke cikin shari'a, kamar zakka da humusin ganima da jiziya da harajin ƙasa da gadon da ba shi da magaji. Shugaba mai tsaron dukiyar ne, ba mai ita ba. Za a kashe ta wajen tsaron ƙasa, da biyan alƙalai da ma'aikata, da ayyukan amfanin kowa, da taimakon matalauta. Shehu ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu cikin Kitabul Farƙi, ya sa su cikin al'adun zalunci. Abdullahi ya ma fi Shehu tsanani a waɗansu wurare: ya ƙi a mai da shugabanci sarautar gado, ya ƙi kaɗe-kaɗen fada da adon sarakuna. Shehu ya sassauta a kan waɗansu daga ciki, cikin Najmul Ihwani. Sun saɓa a rubuce, da hujja, zumunci kuwa bai yanke ba.

Ba a bar talaka ba nauyi a kansa ba. Abdullahi ya rubuta Ta'alimur Radi a kan mallakar ƙasa, inda ya bayyana hukuncin cewa dajin da ba shi da mai shi yana zama na wanda ya raya shi da sassabe ko haƙa rijiya ko gini ko dashe. Bello kuma ya rubuta Tanbihus Sahibi a kan darajar neman halali da guminka. Ashe ke nan igiyar bakinta biyu: hukuma ba ta da ikon tatsar mai nema, mai ƙarfi kuma bai kamata ya zauna jiran rabo ba, mai rauni kuwa haƙƙinsa yake karɓa, ba alfarma ba.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, ya juya Gwandu bai zare takobi ba. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo masa gudummawa, suka ci garin, Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Daga nan ya bar yawancin sha'anin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Cikin abin da ya bari akwai babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da Tazyinul Waraƙati. Ya rasu a Gwandu wajen 1829, hubbarensa yana can.

Gaskiya ita ce abin da ya ji tsoro ya auku. Sarauta ta koma gado, har a gidansa. Harajin da aka soka ya komo, domin Bature matafiyi Barth ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa a Kano a 1851. Kabawa kuma ba su taɓa yarda da faɗuwar birninsu ba. Yakubu Nabame ya tashi a 1849 ya tsai da mulkinsu a Argungu, gaba ta daɗe, har ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ta tabbatar da sulhu. Turawa sun riƙe haraji da jangali suka mai da su ginshiƙin baitulmalin En'e. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950 don ta ja da masu mulki, Malam Aminu Kano ya riƙa kafa hujja da koyarwar shugabannin jihadi, NPC kuma tana tinƙaho da gadonsu. A 1979 gwamnonin PRP suka soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna.

Sabo da haka muna kira ga akawun da ke riƙe da littafin kuɗin jama'a, ya tuna kowane kwabo da ya rubuta gumin wani ne. Malamin makaranta kuma, in ya zo kan tarihin Gwandu, kada ya tsaya ga lissafin yaƙe-yaƙe. Ya gaya wa yara cewa wanda ya ci Birnin Kebbi ya fi tsoron ɓarnar mutanensa bisa ga takobin abokan gaba. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙi, amin.